Lakar Bakin Teku da Aikinta na Rage Iskar Kabon a Sararin Samaniya

Tun daga shekarar 1958, lokacin da masanin kimiyya ɗan Amurka Charles Keeling ya fara auna iskar kabon dayokzaid a tashar Mauna Loa da ke tsibirin Hawai, adadin wannan iska bai daina hauhawa ba, domin ya tashi daga kimanin kashi 315 cikin miliyan zuwa sama da kashi 420 a yau, alhali kafin zamanin masana'antu bai wuce 280 ba. Kabon dayokzaid ita ce iskar da ke fita idan aka ƙona itace ko gawayi ko man fetur, ita ce kuma wadda mutum da dabba ke fitarwa wajen numfashi, kuma halinta shi ne tsare zafin da ke tashi daga ƙasa ta hana shi ficewa, abin da ya sa ƙaruwarta ta zama babban dalilin ɗumamar duniya. A kowace shekara mutane suna sakin kimanin tan biliyan 37 na wannan iska ta hanyar ƙona kwal da mai da gas da kuma sarrafa siminti, amma ba dukkanta ce ke tsayawa a sama ba: kusan rabi ne ke zama, dazuzzuka da ƙasa su shanye wani kaso, teku kuma ya shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ana maganar wannan aiki na teku, hankali ya fi karkata ga faɗinsa da zurfinsa, sai dai binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa siririn yankin da ke dab da gaɓa, musamman lakar da ke kwance a ƙarƙashinsa, yana da rawar da ta fi girmansa nesa ba kusa ba.

Ƙasa ba ta yankewa farat ɗaya a inda ruwan teku ya fara. Tana ci gaba da gangarawa a hankali a ƙarƙashin ruwa har zuwa zurfin da ba ya cika wuce mita 200, sannan ta karye ta faɗa zuwa ainihin zurfin teku, wanda matsakaicinsa ya kai kimanin mita 3,700. Wannan shimfiɗa mara zurfi ita ake kira dakalin nahiya, kuma faɗinta ya bambanta ƙwarai, domin a arewacin Saiberiya tana kaiwa sama da kilomita 1,000, a gaɓar Najeriya kuwa gomman kilomita ne kawai. Idan aka haɗa dukkan dakalin nahiyoyin duniya, bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na faɗin teku ba, amma a nan ne koguna ke zube abin da suka kwaso daga tudu, a nan ne hasken rana ke iya kusantar ƙasan ruwa, a nan ne kuma ake kama mafi yawan kifin da duniya ke ci.

Ƙasan teku ba ta haɗuwa da iskar sama kai tsaye, saboda haka tana aikinta ne ta bayan fage. Fuskar ruwa ce ke musayar iska da sararin samaniya, kuma wannan musaya tana bin doka guda mai sauƙi: idan narkakkiyar kabon dayokzaid ta yi ƙaranci a ruwa, ruwan zai jawo ƙari daga sama, idan kuwa ta yi yawa, zai amayar da ita. Ke nan duk abin da ya cire kabon daga cikin ruwa ya ɓoye shi, ko kuma ya sauya masa kama ta yadda ba zai iya komawa iska ba, ya buɗe gurbin da teku zai ƙara sha. Lakar bakin teku tana yin duka biyun, ta hanyar binnewa da kuma ta hanyar wani sauyin sinadarai da ba a cika ambatawa ba.

Binnewar ta fi sauƙin ganewa. A saman teku akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, dangin gansakuka, waɗanda ke amfani da hasken rana su mayar da kabon dayokzaid abin gina jikinsu, kuma duk da ƙanƙantarsu su ne ke yin kusan rabin irin wannan aiki a duniya baki ɗaya, sauran rabin kuma tsirran tudu su yi. Rayuwarsu kwanaki ce, kuma idan sun mutu ko an cinye su, ragowarsu takan fara nutsewa. A tsakiyar teku tafiyar tana da nisa, ta kilomita uku ko huɗu, kuma kafin ragowar ta isa ƙasa ƙwayoyin bakteriya da ƙananan dabbobi sun cinye kusan dukkanta sun mayar da kabon cikin ruwa. Shi ya sa abin da ake binnewa daga duk abin da tsirran teku ke samarwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan dakalin nahiya lamarin ya sha bamban, saboda tsirran sun fi yawa albarkacin takin da koguna ke kawowa, tafiyar zuwa ƙasa gajeriya ce, sannan laka tana sauka a kai a kai tana rufe abin da ya kwanta tun bai gama ruɓewa ba.

Masu bincike sukan cusa bututu mai garai-garai cikin ƙasan ruwa su zaro laka a miƙe yadda take a kwance, kuma abin da ake gani a cikin bututun yana bayyana sirrin aikin. Saman lakar, wanda sau da yawa kaurinsa milimita kaɗan ne, launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, domin nan ne iyakar inda iskar oksijin ke iya kutsawa. Daga nan zuwa ƙasa lakar takan koma toka-toka, sannan baƙa wuluk mai santsi, kuma idan aka yanka ta sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Inda babu oksijin ruɓewa tana tafiya da matuƙar jinkiri, kuma ƙananan ƙwayoyin yumɓu suna manne wa ragowar tsirrai su kare ta daga bakteriya, saboda haka abin da ya tsallake waɗannan milimitoci na sama yana iya zama a wurin na ɗaruruwa ko dubban shekaru. Lissafin da masana irin su Robert Berner suka fara yi tun farkon shekarun 1980 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kabon halittu da ake binnewa a teku, a bakunan koguna da dakalin nahiya ake binne shi, ba a zurfin teku mai faɗi ba.

Ba ko'ina ne a dakalin wannan ke faruwa ba. Inda ƙasan ruwa rairayi ne, igiyar ruwa tana ratsa shi da oksijin, kabon ba ya zama. Wuraren laka ne ke riƙewa, kuma waɗannan tsibi-tsibi suke. Kogunan Ganjis da Birahmaputira, waɗanda ke kwaso ƙasa daga tsaunukan Himalaya su zube a Tekun Bengal, suna saukar da laka da saurin da ya sa mafi yawan ragowar tsirran tudu da ke cikinta ke binnuwa ba tare da ta ruɓe ba. Haka nan dogayen lungunan teku masu zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa a gaɓar Norwe da Chile da Niyu Zilan, waɗanda faɗinsu bai taka kara ya karya ba, an ƙiyasta a 2015 cewa suna binne kimanin tan miliyan 18 na kabon a shekara, wato kusan kashi 11 cikin 100 na jimillar duniya.

Kogin Kwara yana cikin wannan lissafi, kuma ta nan ne ƙasar Hausa, wadda ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, take da hannu a ciki. Jan ruwan da ke kwarara a gulbin Rima da gulbin Sakkwato da kogin Kaduna da damina yana ɗauke da ƙasar gona da ruɓaɓɓen ganye, ya faɗa Kwara, ya haɗu da na Binuwai a Lakwaja, abin da madatsun ruwa ba su tsare ba ya ƙarasa yankin Neja Delta ya kwanta a bakin teku. (Ruwan Kano da Haɗeja ba ya cikin wannan tafiya, domin shi gabas yake yi zuwa Tafkin Chadi.) Wannan kwanciya ta laka ta shafe miliyoyin shekaru tana gudana, kuma man fetur da gas da ake haƙowa a Neja Delta ragowar halittun da aka binne ta haka ne, waɗanda nauyin ƙasa da zafi suka dafa a tsawon zamani. Wata shaidar ta ma fi kusa: dutsen farar ƙasa da ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato domin yin siminti ya samu ne daga ɓawon halittun da suka rayu a wani teku mara zurfi da ya taɓa rufe yankin kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, kuma idan aka gasa dutsen a masana'anta, kabon da ya daɗe a kulle a cikinsa yana komawa iska.

Wuraren da suka fi ko'ina saurin tara kabon su ne inda tsirrai masu saiwa suka kafu a cikin lakar kanta, wato dazuzzukan manguruf, da filayen ciyawar teku, da fadamun gishiri na ƙasashe masu sanyi. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2009 ne ya yayata sunan shuɗin kabon ga abin da waɗannan wurare ke tarawa, don a bambanta shi da na dazuzzukan tudu. Manguruf itace ne da ke tsirowa a ruwa mai gishiri a gaɓar ƙasashe masu zafi, kuma nau'in da ya fi yawa a Neja Delta yana tsaye ne a kan saiwoyi masu lanƙwasa da ke fitowa daga jikin kututture su soki laka, su sarƙe da na maƙwabta har kwalekwale ba ya iya ratsawa. Duk lokacin da teku ya ciko, sau biyu a kowace rana, ruwan da ke shiga tsakanin saiwoyin yana rage gudu ya sauke lakar da yake ɗauke da ita, ganye da matattun saiwoyi su haɗu da ita, sai ƙasa ta riƙa tashi milimita bayan milimita. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan dazuzzukan manguruf na yankin Tekun Indiya da Fasifik ya sami matsakaicin sama da tan 1,000 na kabon a kowace hekta, kuma a mafi yawan wuraren rabi ko fiye da haka yana cikin ƙasa ne, ba a jikin itatuwa ba. Wannan shi ne bambancinsu da dajin tudu, wanda idan ya girma ya cika, abin da yake sha da abin da yake fitarwa sukan kusan daidaita. Lakar manguruf ba ta cika muddin tana samun sabuwar laka kuma tana tashi tare da ruwa. Duniya tana da kimanin murabba'in kilomita 147,000 na manguruf, Indonesiya ce ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar, Najeriya kuma ita ce kan gaba a Afirka.

Ciyawar teku tsiro ce mai saiwa da fure da iri, ba gansakuka ba, kuma tana shimfiɗa filaye a ƙarƙashin ruwa mara zurfi. A Bahar Rum wani nau'inta mai suna Posidoniya yana tara matattun saiwoyinsa su zama dunƙule mai kaurin mitoci da dama, wanda ƙasansa ya shafe dubban shekaru bai ruɓe ba. A Afirka ta Yamma filayen da suka fi shahara su ne na Bank Dargin a gaɓar Muritaniya. Sanin da ake da shi game da yawan wannan ciyawa bai kammala ba, domin sai a 2022 ne aka tabbatar da cewa fili mafi girma a duniya yana tsibiran Bahamas, bayan an ɗaura kyamarori a jikin wasu manyan kifaye masu yawo a wurin.

Hanya ta biyu, wato ta sauyin sinadarai, ta fi ɓoyuwa, kuma wasu masana suna ganin ta fi binnewa ɗorewa. Idan kabon dayokzaid ta narke a ruwa takan zama ɗan tsami mai rauni, shi ya sa tsamin saman teku ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu. Amma ruwan teku yana da wani ƙarfi na kashe tsami, irin aikin da kanwa ke yi idan aka jefa ta a miyar yakuwa, kuma wannan ƙarfi ne ke mayar da narkakkiyar iskar wani sinadari da ake kira baikabonet, wanda shi ma yana cikin abubuwan da suka haɗu suka yi kanwa. Baikabonet ba iska ba ne, ba ya iya tashi daga ruwa, kuma yana zama a teku na fiye da shekaru 10,000. Kusan kashi 90 cikin 100 na kabon da ke narke a teku a wannan siffa yake, kuma dalilin ke nan da ya sa teku ke riƙe da kabon da ya kusan ninka na sararin samaniya sau 50. Duk abin da ya ƙara wa ruwa ƙarfin kashe tsami ya ƙara masa ikon shan iska daga sama, kuma lakar bakin teku tana cikin manyan wuraren da ake samar da shi.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai da aka ambata shi ne alamar aikin. A cikin baƙar laka, inda oksijin ya ƙare, wasu bakteriya suna numfashi da salfet, wani gishiri mai ɗauke da farar wuta wanda ke da yawa a ruwan teku, kuma yayin da suke cin ragowar tsirrai suna fitar da baikabonet tare da wannan iska mai wari. Idan iskar mai wari ta haura sama ta gamu da oksijin, sai ta koma tsami ta cinye ribar da aka samu, an yi ba a yi ba ke nan, kuma mafi yawanta haka take ƙarewa. Amma idan ta gamu da ƙarfen da koguna suka kawo a cikin laka, sai su haɗu su zama wani ma'adini mai suna fairait, ƙananan ƙwayoyi masu ƙyallin rawaya da ake gani a madubin ƙara girma kamar an dunƙula su, su binnu tare da lakar. A wannan hali tsamin ya kulle a ƙasa, baikabonet kuma ya fita zuwa teku. Akwai wasu hanyoyin da ke ƙara wannan ƙarfi, kamar narkewar ɓawon katantanwa da kumba a cikin laka, da kuma aikin bakteriyar da ke mayar da takin naitirojin iska. Binciken da aka yi a dazuzzukan manguruf na Ostireliya da Fulorida ya nuna cewa kabon da ke ficewa daga lakarsu a narke, duk lokacin da teku ya janye, yana iya fin wanda ke binnuwa yawa, ma'ana duk lissafin da ya tsaya kan auna laka kaɗai ya bar babban ɓangare a waje.

Sai dai lissafin ba riba zalla ba ne, kuma wannan ne wurin da rubuce-rubucen yayatawa suka fi yin tsallake. Gina ɓawo kishiyar narkewarsa ne: lokacin da murjani ko kumba ke gina ɓawonsu na farar ƙasa, suna rage ƙarfin kashe tsami su saki kabon dayokzaid, saboda haka tsibiran murjani, duk da amfaninsu ga kifi da kare gaɓa, ba sa cikin masu rage wannan iska. Mashigar koguna da yawa suna fitar da iskar fiye da yadda suke sha, domin ragowar tsirran tudu da ƙazantar birane suna ruɓewa a cikinsu. Lakar da gishirinta bai da yawa takan fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon dayokzaid tsare zafi. Sannan wani kaso na kabon da ake samu a lakar manguruf ba manguruf ɗin ne ya ciro shi daga iska ba, kogi ne ya kawo shi daga tudu, wani ma tsoho ne tukuf. Idan aka cire wannan aka tara wancan, ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne cewa ruwan dakalin nahiya yana shan kimanin tan miliyan 200 na kabon a shekara, kuma wani ɓangare na abin da ya sha igiyoyin ƙarƙashin ruwa ne ke tura shi zuwa zurfin teku, kamar yadda aka auna a Tekun Gabashin Sin da Tekun Arewa na Turai.

Abin da ya jawo hankali ga lakar a 'yan shekarun nan shi ne yadda ake dagula ta. Manyan jiragen kamun kifi suna jan taru mai nauyi a kan ƙasan teku, wanda ke da faifan ƙarfe biyu masu buɗe bakinsa da sarƙoƙi masu tayar da kifi da jatan lande daga laka, kuma duk inda ya bi yana barin kwari a ƙasa da gajimaren laka a cikin ruwa. Akwai wurare a tekunan Turai da ake bi ta kansu sau da dama a shekara. A 2021 Enric Sala da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Nature cewa wannan sana'a tana iya sakin kimanin tan biliyan ɗaya na kabon dayokzaid a cikin ruwa kowace shekara, adadin da ya yi daidai da na dukkan jiragen sama na duniya, kuma kafafen labarai suka yi ta yaɗa shi. Bayan shekaru biyu Jan Hiddink da wasu masana suka mayar da martani a mujallar cewa an zuzuta adadin ƙwarai, domin mafi yawan kabon da ke binne ya riga ya zama mai taurin ruɓewa, tayar da shi ba zai sa ya koma iska nan take ba. Muhawarar ba ta ƙare ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya yi taka-tsantsan da kowane adadi mai girma da ya gani a kanun labarai. Wani bincike na 2025 da Sebastiaan van de Velde ya jagoranta ya duba lamarin ta fuskar sinadarai, inda ya nuna cewa jan taru da yashe hanyoyin jiragen ruwa suna fito da fairait ya haɗu da oksijin ya koma tsami, abin da ke rage wa teku shan tan miliyan 2 zuwa 8 na kabon dayokzaid a shekara. Adadin ƙarami ne idan aka kwatanta da na farko, amma asara ce da a da ba ta cikin lissafin kowa.

Manoman shinkafa na gaɓar Afirka ta Yamma sun san wannan sauyi da idonsu tun kafin a auna shi a ƙasan teku. A Kasamans ta kudancin Senegal da Gambiya da Gini Bisau, inda ake noma a tsohuwar lakar manguruf, idan ƙasa ta bushe ta tsage iska ta shiga, fairait ɗin da ke ciki yakan koma tsami mai ƙarfi, ruwan kwalbati ya yi ja kamar tsatsa, shinkafa ta ƙone a tsaye, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya lalata filaye masu yawa ta wannan hanya. A kudu maso gabashin Asiya tafkunan kiwon jatan lande ne suka ci dajin, har Indonesiya ta rasa kusan kashi 40 cikin 100 na manguruf ɗinta cikin shekaru 30, kuma idan aka haƙe lakar aka tara ta a matsayin ganuwar tafki, kabon da ya ɗauki ƙarnoni yana taruwa yakan fice cikin shekaru kaɗan. A Neja Delta matsalolin sun haɗa da malalar mai, wadda rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaranta na iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30, da saran itace don girki da busar da kifi, da kuma wani baƙon dabino na ruwa mai suna nifa da aka kawo Kalaba a 1906, wanda ke mamaye duk inda aka sare manguruf. Madatsun ruwa su ma suna da nasu kason, domin lakar da ta kwanta a bayan madatsar Kainji tun 1968, ko ta Akosombo a Gana, ko ta Aswan a Masar, laka ce da ba ta isa bakin teku ba, kuma gaɓar da ba ta samun sabuwar laka ba ta iya tashi tare da ruwan da ke ƙaruwa. Zafin da ake so lakar ta taimaka wajen ragewa shi ma yana cinta: a lokacin bazarar 2010 zuwa 2011 ruwa mai zafi ya lalata sama da kashi ɗaya cikin uku na ciyawar teku a Shak Be da ke yammacin Ostireliya, kuma an ƙiyasta cewa tan miliyan 2 zuwa 9 na kabon dayokzaid na iya ficewa daga lakar wurin cikin shekaru uku da suka biyo baya.

Ya kamata a auna dukkan wannan da ma'aunin gaskiya. Kabon halittu da ƙasan teku ke binnewa a shekara bai wuce tan miliyan 200 ba bisa ƙiyasin da aka saba, alhali kabon da mutane ke fitarwa ya kai kimanin tan biliyan 10, wato ninki 50. Bayan haka, wannan binnewa ba sabon abu ba ne da ya zo don ya share hayaƙin masana'antu. Tana gudana tun kafin a yi mutane, kuma akwai wasu hanyoyin halitta, kamar aman wutar duwatsu da ruɓewar tsofaffin duwatsu masu kabon, da ke daidaita ta. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a rahotonsa na 2019 kan teku cewa farfaɗo da manguruf da ciyawar teku da fadamun gishiri zai iya rage kimanin rabin kashi 1 cikin 100 na hayaƙin duniya a shekara. Darajar lakar ba ta cikin saurin shanta, tana cikin yawan abin da ta riga ta tara, domin mita ɗaya na saman ƙasan tekunan duniya yana riƙe da sama da tan biliyan 2,000 na kabon, kuma ɓangaren da ke kusa da gaɓa shi ne wanda taru da injin yashe da gatari ke iya kaiwa gare shi. Saboda haka hana taɓa abin da ke kwance ya fi dasa sabo arha kuma ya fi shi tabbas, ko da yake dashen ne ya fi samun hoto a jaridu.

Dashen ma yana da nasarorinsa idan an yi shi da sani. A gaɓar jihar Bajiniya ta Amurka an watsa irin ciyawar teku sama da miliyan 70 cikin kimanin shekaru 20, a lungunan da ciyawar ta ɓace tun shekarun 1930, kuma filin ya farfaɗo ya kai kusan hekta 3,600, lakarsa ta koma tara kabon. A Gazi da ke kudancin gaɓar Kenya, shirin Mikoko Pamoja da ya fara a 2013 yana kare hekta 117 na manguruf, yana sayar da takardun shaidar kabon ga masu son rage laifin hayaƙinsu, kuɗin kuma ana kashe su a ruwan sha da makarantun ƙauyukan. Amma an yi dashe da yawa a Asiya da ya mutu, saboda an kafa tsiron a inda ruwa ke daɗewa fiye da yadda yake jurewa, ko kuma an dasa shi a kan filin ciyawar teku an kashe wani don a raya wani. Cinikin takardun kabon kuma yana da rauninsa, domin hayaƙin da mai saye ya fitar zai daɗe a sama na ƙarnoni, alhali dajin da ya saya guguwa ɗaya ko canjin gwamnati ɗaya na iya kawar da shi.

Sabon abin da ake gwadawa shi ne kwaikwayon hanya ta biyu da gangan. Akwai wani koren dutse mai suna olibin wanda idan ya narke a ruwa yana ƙara ƙarfin kashe tsami, kuma masu wannan tunani suna ganin idan aka niƙa shi aka zuba a bakin teku, igiyar ruwa da tsutsotsin laka za su hanzarta narkewarsa. A 2024 wani kamfani mai suna Vesta ya zuba sama da tan 8,000 na yashin olibin a ruwan gaɓar wani gari mai suna Duk da ke jihar Karolaina ta Arewa domin a auna sakamakon. Tambayoyin da gwajin ke fuskanta suna da nauyi: dutsen yana ɗauke da ƙarfen nikel wanda yawansa na iya cutar da halittun laka, haƙo shi da niƙa shi da jigilarsa suna cin makamashi da dole a cire daga ribar, kuma a ruwan da ke kai da komo ba dare ba rana, rarrabe baikabonet ɗin da dutsen ya samar daga wanda lakar ke samarwa da kanta aiki ne da masu auna sinadaran teku ke kan neman hanyarsa.